Wayar Garikai Tana Cikin Bargo

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Na dawo aiki. An binne Garikai ranar Asabar. Teburinsa yana nan yadda ya bar shi, har da ɓawon lemo da ya bushe kusa da kwamfuta. Ban zauna a kujerarsa ba, tawa na jawo.

Ofishin yaɗa labarai na majalisar garin Nyamhute mutum biyu ne: shi jami'i, ni mai buga takardu da aka ba shi aro tun shekarun baya aka manta a karɓe ni. Yanzu saura ni.

Wutar da ta yi tsalle makon jiya ta ƙona wani abu a kwamfutar. An kai ta gyara, ta dawo ba ta tuna kowa. Na sa kalmar sirrin shafin majalisa na intanet, daidai take, na duba sau biyu. Sai ta ce ta aika lambar tabbatarwa zuwa waya. Wayar Garikai. Shi ya buɗe shafin da sunansa da lambarsa, tun lokacin da Mista Chikanga, sakataren majalisa, yake cewa wasan yara ne. Ba wanda ya taɓa tunanin a mayar da shi sunan ofis. Ni ma ban yi tunanin ba.

Bidiyon yana can saman shafin, an kafe shi, shi ne farkon abin da mutum zai gani. Mun ɗauke shi ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rashin lafiyarsa, da aka fara cewa rijiyar burtsatse ta unguwar Dombo tana ɓata wa mutane ciki. Mista Chikanga ya ce a je a kwantar wa jama'a hankali. Ni na riƙe wayar. Garikai ya buga famfo, ya cika kofin roba, ya shanye, ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Ruwan Dombo lafiya lau ne, majalisarku ce ke faɗa muku." Da ya kalla sai ya ce, "Shumba, hannunka na rawa kamar na ɓarawon kaza, sake ɗauka." Da sunan zuriyarmu yake kirana in yana son tsokana. Muka sake. Ya ƙara kofi.

Abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Sakamakon gwajin ruwan ya iso. Ban ga takardar ba, amma na ga fuskar jami'in lafiya lokacin da ya fito daga ofishin sakatare.

An kira ni don in ɗauki bayanin taro. Mista Chikanga ya ce a sa wa famfon sarƙa da kwado yau ɗin nan. Madam Zinyemba, lauyar majalisa, ta ce kada sunan ciwon ya shiga kowace takarda tamu, bayyana shi ba hurumin majalisa ba ne, daga sama ake yi. Ta dubi biron da ke hannuna har na ajiye shi.

Da suka tashi tafiya na ce, "Yallaɓai, bidiyon fa?"

"Wane bidiyo?"

"Na ruwan. Yana nan a shafi, mutane suna ta tura wa juna."

"To ka cire shi mana, Gwenzi. Sai na koya maka aikinka?" Shi da sunan mahaifina yake kirana.

Na yi masa bayanin lambar da wayar. Ya ce in je in karɓo wayar wajen matar Garikai, ai ba abin wahala ba ne. Madam ta ce wayar dukiyar mamaci ce, ba ta majalisa ba, in na je in je da sunana. Ya ce to da sunana. Na rubuta hakan a bayanin taro, sannan na soke, don ban tabbata ko yana cikin abin da ake rubutawa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da la'asar

Na je gidan Garikai. Maman Danai, matarsa, tana zaune a tabarma cikin baƙaƙen kaya. Na yi tafin gaisuwa a hankali daga bakin ƙofa, na durƙusa, muka gaisa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

Ta miƙe. Ta ɗaga labulen ɗakin kwana ta nuna mini. An tattara kayansa duka, riguna, takalma, jakar aikinsa, sandar kamun kifi, an ƙulle a babban bargo mai ruwan ƙasa, an ajiye a kusurwa. Wayar tana ciki. Na san haka za a yi, a gidanmu ma haka aka yi da mahaifina. Ba a kwance ƙullin mamaci sai an yayyafa masa ruwan magani, kuma ƙanwar mahaifinsa ce ke kwancewa ta raba wa dangi. Gwaggon tasa, Tete Shuvai, tana Johannesburg, takardunta sun hana ta zuwa jana'iza.

"Layin kawai nake so," na ce. "Ko shi ma ba sai na ɗauka ba. Lamba ce za ta shigo in karanta."

"Shumba, kai baƙo ne a ƙasar nan? In na sa hannu a bargon nan kafin Tete ta zo, me danginsa za su ce na nema a ciki? Tun yanzu ana cewa ban kai shi asibiti da wuri ba."

Muna cikin magana wayar ta yi ƙara daga cikin bargon, irin ƴar ƙarar nan ta shigowar saƙo. Ta ce haka take yi wuni guda. Mutane ne ke rubutu a ƙarƙashin bidiyon.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

An yanke sarƙar. Layi har bakin titi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da rana

Na bi hanyoyin da na iya tunawa ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanin waya za su ba da sabon layi, amma ga magaji, da takardar shaidar mutuwa. Takardar ba ta fito ba. Akwai gurbi ɗaya a jikinta, na dalilin mutuwa, da har yanzu ba a cike ba.

Na tambayi Madam ko zan buɗe sabon shafi da sunan majalisa in sa gargaɗi. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Da izinin wa?"

"Wancan ma ba da izinin kowa aka buɗe ba."

"Shi ya sa muke inda muke. Runesu, ba mu da ƙa'ida ko layi ɗaya a rubuce kan wannan abu. Na nemi a yi tun bara, aka ce ba gaggawa. Sabon shafi sai da ƙudurin cikakken zama. Kuma in ka rubuta cewa ruwan ba shi da kyau, ka rubuta cewa majalisa ta yi ƙarya. Wa zai sa hannu a wannan?"

Na ce motar lasifika fa? Ta ce motar ta Mista Chikanga ce. Mista Chikanga ya ce sarƙa ta isa saƙo, mai hankali in ya ga kwado ya san ma'anarsa. An sayo sabuwar sarƙa.

Ba na jin Madam muguwa ce. Ta tambaye ni ko ina da kowa a Dombo. Na ce yayata.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da yamma

Yayata, Sisi Maidei, tana tace maheu, kunun masara mai tsami, a bayan ɗaki lokacin da na isa. Shi take sayarwa a tashar bas tun rasuwar mijinta. Bokiti uku na ruwa a gefenta, ban tambayi daga ina ba.

"Ga gwamnati ta zo," ta ce. "Zauna, gwamnati, kujerar ba ta da matashi."

Na faɗa mata duk abin da aka hana ni faɗa. Ta saurara tana juya ludayi.

"Famfon gidan nan rabonsa da ɗigo tun kafin Kirsimeti. Kun kulle mana rijiya, washegari sai ga tankar surukin kansila tana sayar da ruwa. Mu jakuna ne?"

"Sisi, an gwada ruwan."

"An gwada, na gani." Ta ciro wayarta daga zani, ta buɗe, ta kai mini har hanci. Garikai yana goge baki. "Wannan ba ofishinku ba ne? Ba kai ka ɗauka ba? Ga inuwar kanka nan mai kama da tulu."

"Ya rasu, Sisi."

"Na je jana'izar, kai ka zo a makare. Mutum ya sami ƙarin girma a Disamba ya mutu a Janairu, kai kana ce mini ruwa. A ofishinku za ku nemi abin da ya ci shi." Ta ga fuskata. "Ba kai nake nufi ba, sakarai. Kai ko ƙuda ba ka iya kashewa sai ka nemi izini."

Na roƙe ta ta riƙa tafasawa. Ta ce masarar ai dafa ta ake yi, kuma tsamin maheu yana kashe komai. Na ce ruwan da take sirkawa da shi fa? Ta ce in kawo itacen. Ta zuba mini kofi. Na riƙe shi har na tashi, na ajiye a bayan ƙofa. Ta gani.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

An yi addu'a ga marasa lafiya na Dombo. Fasto ya daɗe yana karanta sunaye. An hana gaisawa da hannu, ba a faɗi dalili ba.

Na kai wa Sisi itace. Ta ce ta gode, za ta dafa wake.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Shafin a kulle yake gare mu, amma kowa na iya rubutu a ƙarƙashin bidiyon. Ban san me ya sa na yi mako guda ban ga wannan ba. Na rubuta da sunana, daga wayata: "Ni ma'aikacin majalisa ne. Wannan bidiyo tsoho ne. Don Allah kada a sha ruwan rijiyar Dombo sai an tafasa." Na karanta sau da yawa, na cire "don Allah", na mayar, na tura.

Kafin in sha shayi an fara amsawa. Wani ya ce nawa mai tanka ya ba ni. Wata ta ce in gaskiya ne me ya hana majalisa ta faɗa da bakinta, ga shafinta nan. Wani ya ce ai wannan shi ne mai jiran kujerar marigayi. Mace ɗaya ta rubuta, "Na gode, ɗana yana asibiti." Maganata ta nutse a cikin sauran, sai an yi ta gangarawa kafin a same ta. Bidiyon yana sama.

Matar da ta ce majalisa ta faɗa da bakinta ta fi ni gaskiya.

Talata, 11 ga Fabrairu, da rana

Mista Chikanga ya sa an buga maganata a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin "ni ma'aikacin majalisa ne".

"Wa ya naɗa ka kakakinmu?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"Ka san dokar aiki ta hana ma'aikaci magana da ƴan jarida?"

"Ba ƴan jarida ba ne, mutanen unguwa ne."

Ya dubi Madam. Ta ce dokar ta girmi wayoyin nan, ba ta ce komai a kai ba, ana iya karanta ta ta kowace fuska. Ya ce shi ta wannan fuskar ya karanta. In goge, ko in ajiye makullin ofis.

Na goge a gabansa. Cikin sauƙi na yi, wannan ne ya dame ni. A hanyar gida na yi ta lissafin abin da ya kamata in ce, duka sun zo mini a jere, masu kyau.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da yamma

An kafa tanti a bayan asibitin unguwa. Gadajen ciki masu rami ne a tsakiya. Ana jin warin maganin wanki tun daga titi.

An sake yanke sarƙar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da la'asar

Maman Danai ta ba ni lambar Tete Shuvai. Na shirya maganata a takarda kafin in kira. Ta ɗauka a cikin hayaniya, kamar a ɗakin girki.

"Wane Runesu? Au, yaron majalisa. Kun kashe mini ɗa yanzu kuma wayarsa kuke so."

Na ce ko za ta yi izini daga can a kwance ƙullin, wani dattijo ya yayyafa ruwan a madadinta.

"Ta waya? Ku komai ta waya. Ɗan yayana ba takardar ofis ba ne da za a sa masa hannu daga nesa. Ban ga fuskarsa ba, ban zuba ƙasa ba, wannan kaɗai ya rage mini, shi ma in aika? Matar da nake wa aiki ta ba ni hutu, ina tafe ranar ashirin da biyu. Wanda ya taɓa bargon nan kafin in zo, shi ya san abin da yake ɓoyewa."

Na ce mutane suna kwanciya, Tete.

"To ku faɗa musu mana. Ba ku da baki sai na mamaci?"

Ta kashe.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da rana

Na kai wa Maman Danai garin masara. Ta ce in zauna ta kai wa maƙwabciya tukunya. Ta fita ta bar ni ni kaɗai, labulen ɗakin a ɗage.

Ƙullin yana inda yake. An ɗaure shi da igiyar shanya, ɗauri biyu. Na ga inda jakar aikin ta turo bargon, na san aljihun da yake sa wayar. Na tashi na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Na lissafa yadda zan yi: in kwance, in cire layin, in mayar da ɗaurin yadda yake. Na iya irin ɗaurin.

Ban san ko don ta ba ni dama ta fita ba, ko don ta gwada ni, ko tukunyar ce kawai. Na tsaya har na ji takunta. Na koma na zauna. Ta shigo ta dubi ƙullin kafin ta dube ni.

Ta ce wayar ta daina ƙara tun Talata, caji ya ƙare, gidan ya yi shiru da yawa. Sannan ta ce, "In kun samu shiga, gogewa za ku yi?"

Na ce abin da ake so ke nan.

"Ba ni da wani wurin da yake motsi sai nan. Danai tana kallo kafin ta tafi makaranta. Na ajiye shi a wayata, amma a can ne mutane ke rubuta masa magana." Ta gyara ɗankwali. "Na san abin da ke cikin kofin, Shumba. Ni na wanke zannuwan gadon. Duk da haka ina kallo."

Ba zan rubuta abin da na ji ba. Ban kwance ƙullin ba. Ban sani ba ko ladabi ne ko tsoro.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma

Zaman majalisa. Maganar sabon shafi ita ce ta ƙarshe a jerin, bayan batun rumfunan kasuwa. Kafin a kai gare ta kansiloli uku sun fita amsa waya ba su dawo ba. Adadin bai cika ba. An ɗage zuwa watan gobe.

Bidiyon yana sama.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da safe

Sisi. A baro aka kai ta asibiti.

Laraba, da yamma

Ba a bari a shiga tantin. Akwai wata ƴar taga ta leda da ake leƙawa. Idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta tattare kamar ta wadda ta wuni tana wanki. Jiya da safe tana tasha tana zagin kwandasta. Nas ta ce an sa mata ruwa ta jijiya, a jira.

Ta gan ni. Ta motsa baki, nas ta sunkuya ta ji, ta zo ta faɗa mini: wai in je in zubar da maheun da ke ɗaki kada yaran maƙwabta su sha.

Na je na zubar. Itacen da na kawo yana nan, an taɓa kaɗan.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da rana

Mista Chikanga ya kira ni, ya ce in zauna. Bai taɓa cewa in zauna ba. Ya ce ya ji labarin yayata, Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya ce wasu iyalai na Dombo sun ɗauki lauya, kuma lauyan ya ambaci bidiyon.

"Jibi ne rabon kayan, ko? Za ka je. Da an buɗe wayar ka goge shi, da duk abin da aka rubuta a ƙasa. Kada ka rubuta komai. Sannan ka mayar da shafin kan lambar ofishina. Ka ga abin da ka daɗe kana nema ya samu."

Madam tana tsaye jikin taga. Ta ce, "Abin da lauya ya riga ya ambata ba a goge shi. Ni ban ji wannan maganar ba." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya ce, "Ai mutane duk sun kwafe shi, ba wani abu za a ɓoye ba. A shafinmu ne kawai ba ma so a same shi. Ka gane?" Ya ƙara da cewa kujerar Garikai ba za ta zauna babu kowa ba.

Na ce na gane. Kullum ina cewa na gane.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da yamma

Tun ranar da na dawo aiki abu ɗaya nake so, in goge shi. Yau an ce in goge, kuma ba na so.

In na goge, ya ɓace daga shafin ya zauna a wayoyin mutane, Garikai yana ta sha, babu mai ƙaryata shi. Mutanen Dombo za su ga an cire a ɓoye su ce mai tanka ya biya. Iyalan da suka yi rashi kuma a ce musu majalisa ba ta taɓa faɗar haka ba. Wataƙila ina yi wa kaina dogon bayani ne don in ji daɗi. Ni ba lauya ba ne, a sakandare na tsaya.

Na yi cajin bankin wuta, na nemo igiyar da ta dace da irin wayarsa, na gwada ta a wayar maƙwabci.

Sisi tana nan yadda take.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da la'asar

Tete Shuvai ƴar ƙaramar mace ce, ban zaci haka ba daga muryarta. Ta sauka daga bas ta wuce kabari kai tsaye, ta dawo gwiwoyinta duk jar ƙasa. Aka fito da ƙullin tsakar gida, dangi suka zauna, maza a benci, mata a tabarma. Wani dattijo ya tsoma ganye a ƙwarya ya yayyafa wa bargon. Ita ta kwance igiyar, da haƙori ta ƙarasa ɗauri na biyu.

Ta fara da riguna. Kowa ta kira ya zo ya durƙusa ya yi tafi ya karɓa. Da ta ɗaga kwat ɗin da ya yi aure da shi ta ce, "Wannan sai mai tumbi, kuma duk kun rame," aka yi ƴar dariya. Da ta zo kan jakar ta ciro wayar, ta riƙe ta, ta neme ni da ido.

"Yaron majalisa. An ce ka zauna kai kaɗai da bargon nan ba ka taɓa ba."

Na ce haka ne, Tete.

"Ko hankali ne ko wauta, Allah ya sani. Ungo. Kafin in gama da takalma ka dawo mini da ita, tana da mai ita."

Na koma gindin mangwaro na jona ta. Ta daɗe ba ta kama ba, na ɗauka ta mutu. Maman Danai ta zo ta buɗe da lambar da ta sani, ta tsaya a kaina. Shafin a buɗe yake a ciki, ba a nemi komai ba. Saƙonni suka yi ta shigowa, wayar tana rawa a hannuna.

Ban goge bidiyon ba. Na sauke shi daga sama, na rubuta sabo da sunan majalisa na kafe a wurinsa:

"Majalisar garin Nyamhute tana sanar da mutanen Dombo cewa an gwada ruwan rijiyar burtsatse, yana ɗauke da cutar amai da gudawa. Abin da muka faɗa a bidiyon da ke ƙasa ba daidai ba ne. Garikai, wanda ya sha ruwan a gabanku, ya rasu. Kada a sha sai an tafasa. Wanda ya fara gudawa a kai shi asibiti nan take."

Na ba Maman Danai ta karanta, saboda sunan mijinta. Ta karanta a hankali tana motsa leɓe. Ta ce, "Tura."

Tete ta kira ni. Na miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta ba Batsirai, ƙanen Garikai, wanda ke haƙar zinariya a dajin kan iyaka, inda sai an hau dutse ake samun layi. Ya durƙusa ya yi tafi ya sa a aljihu. Ni ta ba ni hularsa ta ruwan sama.

Sai a bas na tuna ban mayar da shafin kan lambar kowa ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, da rana

Na yi ta tambayar kaina ko mantawa na yi. Ni ba na manta irin wannan. Ban sani ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Mista Chikanga bai ce in zauna ba.

"Cire sanarwar nan yanzu."

"Ba zan iya shiga ba, Yallaɓai. Lambar tana zuwa wayar."

"Ina wayar?"

Na faɗa masa. Ya sa aka kira lambar, a kashe. Ya ce a tura mota. Direba ya tambaya ina, ba wanda ya san sunan ramin da Batsirai ke aiki. Ya juya kan Madam ya ce ta rubuta wa dangin su dawo da kayan majalisa. Ta ce wayar gado ce da aka raba a gaban shaidu, shafin kuma ba a taɓa rubuta shi a matsayin na majalisa ba, ita ta faɗa tun bara. Ya ce to a buɗe sabo a ƙaryata. Ta ce sai da ƙudurin cikakken zama.

An dakatar da ni har sai kwamiti ya zauna. Na ba da makulli, na sa hannu a inda aka nuna. Na kwashe ɓawon lemon daga teburin Garikai kafin in fita, ba wanda zai yi.

A bakin ƙofa Madam ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in nemi lauyan ƙungiyar ma'aikata, kuma kada in ce ita ta ce.

Talata, 25 ga Fabrairu, da la'asar

Na bi ta rijiyar. Babu layi. Mata biyu suna wanki, wata tsohuwa tana cika jarka. Na matsa zan yi magana ta ce, "Na sani, jikata ta karanta mini. Tafasawa zan yi in na sami itace." Tankar tana can bakin titi, ta ƙara kuɗi.

An fitar da mutum biyu daga tantin da safe, a rufe. An shigo da ɗaya. Nas ta ce jiya an shigo da fiye da haka.

Ta bar ni na tsaya a tagar leda. Sisi ta buɗe ido. Na ɗaga wayata na nuna mata sanarwar, na karanta da ƙarfi don ta ji ta cikin ledar. Ta saurara har ƙarshe. Muryarta ba ta fita sosai, nas ce ta maimaita mini.

"Wai wa ya ba ka izini?"

Na ce ba kowa.

Ta rufe ido. Nas ta ɗago mata kai ta ba ta ruwan gishiri da sukari, rabin kofi. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ya zauna, ba ta yi amai ba.

Nas ta ce kada in yi murna tukuna. Ban yi ba.